Ƙafar Imran da Takardar Zamansa

Thamesmead, Landan
28 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da 'yarka Teema. Ya gwiwa? Teema ta ce an sauya maka abin kunne amma har yanzu ka ƙi karɓar waya, wai muryar mutum tana zo maka kamar daga ƙasan rijiya. To shi ke nan, ga takarda yadda ka fi so. Zan ɗauki hotonta in tura wa Teema ta buga maka.

Ni lafiyata ƙalau. Sanyi ya fara shigowa, tun la'asar gari yake haɗe rai. Har yanzu ina ɗakin nan a flat ɗin Anti Awabu, 'yar Kumasin da na ba ka labari, can hawa na tara. Kullum na dawo sai na tarar ta rufe min shinkafa da wake irin nasu, tana faɗan wai rawar da ba ta barin mutum ya yi ƙiba ba sana'a ba ce.

Albishir ɗaya nake da shi. Kamfaninmu na rawar Turawa ta ballet zai yi babban wasa a Disamba, a wani gidan wasa kusa da Aldwych, kuma ni aka ba babban matsayin maza. Shekara huɗu ina tsaye a layin baya, yanzu ni ne a gaba.

Amma akwai abin da ke hana ni murna sosai, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Bizata ba tawa ba ce, Kawu, ta kamfani ce. Sunansu ne a jikinta. Su suka tsaya min, kuma ranar da kwantiragina ya ƙare a watan Yuni, ranar ita ma take ƙarewa. Kafin ƙarshen Maris darakta za ta zauna ta zaɓi waɗanda za a sabunta wa. Ɗan ƙasa sa hannu kawai zai yi. Ni kuwa sai an cike takardu, an biya hukuma, an jira amsa. Kamfanin ƙarami ne, bara ma 'yan waje biyu suka sallama, wata 'yar Brazil da wani ɗan Koriya, kuma duk sun fi ni ƙwarewa. Ba zan iya tashi in koma wani kamfani yadda na ga dama ba, sai wanda ke da izinin ɗaukar baƙi, su kuma 'yan kaɗan ne. Don haka wasan Disamba shi ne jarrabawata.

Ƙafar dama tana ɗan yi min tsami a bayanta in na diro daga tsalle, amma ba wani abu ba ne. Kowa a nan yana da inda ke masa ciwo.

Ka gaida Umma in ka shiga Tudun Wada. Kada ka yi mata zancen biza.

Ɗanka,
Imran


Kakuri, Kaduna
12 ga Nuwamba

Imrana,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun same ta da farin ciki. Duk muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, a kan kujera nake sallah. Na je Tudun Wada ranar Juma'a, uwarka lafiyarta ƙalau, sai hawan jinin da ta saba. Na gaya mata an ƙara maka girma a wurin aiki. Ta ce Allah ya sa albarka, sannan ta tambaya ko har yanzu matsattsen wandon nan kuke sawa. Na ce ban sani ba, ni ba a wurin nake ba.

Na yi murna da matsayin da aka ba ka. Na san abin da ake ji ranar da aka kira sunan mutum a cikin sha ɗayan farko a filin ƙwallo.

Sai dai duk tsawon takardarka layi ɗaya ne ya tsaya min, wanda ka ɓoye can ƙasa. Ina so ka amsa min gaskiya. In ka danna wurin da yatsa, wuri ɗaya ne tak yake zafi, ko ko'ina? In ka taka ƙasa da safe, yana kama ka? Da farko sai ka yi tsalle yake ciwo, yanzu kuma ko tafiya kake yana yi? In amsar e ce, to ba tsoka ba ce, ƙashi ne. Lokacin da nake buga wa ƙungiyar masaƙa ƙwallo na ga yara da yawa da suka ce min ba wani abu ba ne. Ni ma haka na ce.

Ka je ka ga likita, a ɗauki hoto. Maganar biza na fahimta, ban raina ta ba. Amma in abin ya ƙi, gida bai gudu ba, ɗakinka yana nan.

Kawunka,
Badaru


Thamesmead
3 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni ma lafiya.

Ɗakina yana nan. Na karanta wannan layin a bas, sai da na wuce inda zan sauka. Kowa ya faɗa min wannan maganar, Baffa ya faɗa, Umma ta faɗa, limamin unguwarmu ma an sa shi ya kira ni ya faɗa. Kai kaɗai ne ba ka taɓa faɗa ba. Kai ka raka ni tasha ranar da zan tafi makarantar rawa a Legas, lokacin da duk gidanmu aka ƙi yi min magana. Ban zaci kai ma jira kake in gaji ba.

Ka ce in ga likita. Wane likita? Mai duba mu a kamfani mace ce mai kirki, amma duk abin da ta gani sai ta rubuta wa darakta, aikinta ke nan. In na bi layin asibitin gwamnati, kafin a kira ni wasa ya wuce. In kuma aka ce ƙashi ne, za a ce in zauna wata uku. Wata uku daga yau Maris ke nan, watan da za a zaɓi mutane. Wa zai je ya cike wa gurgu takardun biza?

Kuma akwai wanda ke tsaye a bayana. Sunansa Nabil, an ɗauke shi a bana, shi aka sa ya koyi matsayina ko da wani abu zai same ni. Abin mamaki, Bahaushe ne. A nan aka haife shi, mahaifiyarsa Hajiya Hajjo 'yar Kaduna ce, ta gidan Alhaji Baha'uddeen na Unguwar Sarki, ƙila ma ka san su. In na yi masa Hausa yana ji, sai ya amsa da Turanci. Yaron kirki ne, Yaya yake ce min, kuma ya iya rawa. Fasfonsa na nan ƙasar ne. Ba na ƙin sa, amma duk sanda na diro na ji zafin nan, shi nake fara dubawa a madubi in ga ko ya lura.

Amsar tambayoyinka e ce, duka ukun. Ina ɗaure wurin, ina shan maganin ciwo kafin rehearsal, wato atisaye, in na dawo in sa ƙafar a bokitin ƙanƙara. Zan yi wasan nan, zan kai Maris, in an sa hannu sai in huta. In ba ka da abin faɗa sai zancen ɗaki, gara ka bar ni tukuna.

Imran


Kakuri, Kaduna
9 ga Fabrairu

Imrana,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka lafiya. Wannan ce ta uku da na rubuta ba amsa. Teema ta ce saƙo yana shiga, kana buɗewa. To alhamdu lillahi, tunda kana buɗewa kana raye.

Ba ka fahimce ni ba. Ban ce ka dawo ba. Cewa na yi kana da inda za ka faɗi in ka faɗi, don kada tsoro ya sa ka yi wa kanka illa. Da ina jiran ka gaji, da ban tsaya gaban ubanka ina jayayya da shi a kanka ba har muka yi shekara ba ma gaisawa.

Teema ta nemo min wasanku a wayarta, ɗan guntun da kamfaninku ya sa. Imrana, ban san haka ka zama ba. Na sa ta maimaita min har cajinta ya ƙare. Da ka ɗaga yarinyar nan sama kana tafiya da ita, Gwaggonka rufe ido ta yi wai za ka yar da 'yar mutane. Amma ni ƙafarka nake kallo. Kana dira kana jefa nauyi a kan hagu, kana ɗauke dama da sauri kamar ka taka garwashi. Masu tafi ba su gani ba.

Yanzu ga abin da na yi, gara ka ji daga bakina. Na san gidan Alhaji Baha'uddeen, yayan Hajjo abokin ƙwallona ne. Na karɓi lambarta, na sa Teema ta rubuta mata. Na gaya mata kai ɗana ne, ƙafarka ba lafiya, kana tsoron likitan kamfani. Na roƙe ta ta haɗa ka da likita na kuɗi a asirce, tunda su sun san gari. Ta amsa da mutunci, ta ce za ta yi. In ta kira ka, kada ka yi mata girman kai.

Kawunka,
Badaru


Thamesmead
24 ga Maris

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ina zaune, ƙafata a cikin wani ƙaton takalmin roba da ya kai min gwiwa, sanduna biyu a jingine da gado. Bari in gaya maka abin da saƙonka ya yi.

Hajiya Hajjo ba ta kira ni ba. Ɗanta ta fara tambaya, a wurin cin abinci, wai wane ne Imran ɗin nan mai ciwon ƙafa a wurin aikinku. Nabil ya kwana biyu da maganar a cikinsa. Wata ranar Talata muna rehearsal na wasan bazara, na diro daga tsalle, ƙafar ta ɗan lanƙwashe, na dafa bango. Ban faɗi ba. Da aka tashi sai na ga ya bi darakta ofis.

Washegari aka tura ni hoto. Ƙashin tsakiyar ƙafa ne, ya tsage kusan rabi. Likitan ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye ni tun yaushe. Da na ce tun Oktoba sai ya cire tabarau. Ya ce da na ƙara 'yan makonni a kai da ya rabu biyu, kuma wannan ƙashin in ya rabu, sau da yawa ko an yi aiki ba a komawa rawa. Yanzu dai zai haɗe, in na bar shi. Ba taka ƙasa sai Mayu, ba tsalle sai Agusta.

Darakta ta kira ni makon jiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce za su biya ni har Yuni, za su biya masu gasa ƙafa. Amma ba za ta iya zuwa gaban masu kamfani ta ce a nema wa wanda ba zai yi rawa ba sai kaka sabuwar biza, alhali ga wanda ba ya buƙatar komai. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne na iya ɓoye mata wata biyar. Na ce ita ma ta san dalilin. Ta ce ta sani. Nabil ne zai yi wasan bazara.

Da na fito ya biyo ni har wurin jiran bas a Aldwych, ana yayyafi. Ya yi ta magana da Turanci, wai ya ga fuskata da na diro, wai ba don matsayi ya yi ba, in na so zai je ya ce ba ya so. Ni dai ina duban hanya. Da bas ta zo sai ya riƙe min sanda ɗaya, ya ce da Hausarsa ta koyo, wadda ban taɓa jin ya yi ba:

"Yaya, ka yi haƙuri. Ni tsoro ne."

Na karɓi sandata na hau. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Lift ɗin gidanmu ya lalace, an kira council, hukumar da ke kula da ginin, sun ce suna zuwa. Daga hawa na tara ba na iya sauka sai ranar asibiti, ranar kuwa da gindi nake bin matakala ɗaya bayan ɗaya. Sauran kwanaki ina bakin taga ina kallon siminti da wani tafki mai agwagi. Ba ni da izinin yin wani aiki ko da na zaune ne. Anti Awabu ta ce in manta da kuɗin ɗaki. Ka san Hausarsu, mace ma "ya" ce. Cewa take, "Darakta ɗin nan, ya ga ƙafanka ya fashe, ya ce ka tafi? Bar shi da Allah."

Ƙaninta Masawudu yana zuwa ran Lahadi. Shi bizarsa ta mutu tun kafin in zo ƙasar nan, yana wankin mota da sunan wani. Ya ce in Yuni ta zo in kashe waya kawai in shiga cikin mutane, zai samo min wuri. Yana faɗa yana dariya, sannan ya nuna min hoton 'yarsa da aka yi wa aure bara a Kumasi, wadda ya bari tana rarrafe. Wanda ya ɓuya ba ya hawa dandali, Kawu, ba a buga sunansa a jikin bango. To me na zauna yi?

Ka ce a asirce. Ka aika sirrina gidan mutum ɗaya tak da bai kamata ya ji ba a duk Landan, bayan ni da kaina na rubuta maka ko shi wane ne. Likita ya ce an ceci ƙafata. Na sani. Amma ban iya yi maka godiya ba tukuna.

Imran


Kakuri, Kaduna
6 ga Afrilu

Imrana,

Ina gaishe ka, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya haɗa ƙashin nan da kyau. Mu duk lafiya.

Na karanta takardarka, na kasa cin abinci ranar. Ban yi tunanin za ta tambayi yaron ba. Ya kamata in yi, uwa ce, ɗanta za ta fara tambaya. A nan na yi wauta, kuma kai ka biya. Ba ni da bakin da zan ce ka yi haƙuri da aikin da ka yi shekaru kana gini.

Amma ba zan yi maka ƙarya don ka huce ba. Da za a mayar da ni watan Fabrairu, a ce min ga abin da zai biyo baya, zan nemi wata hanya, in ban samu ba zan sake bin wannan. Ka yi fushi da ni kana tafiya da ƙafa biyu.

Ba zan ce ka zauna ba, ba zan ce ka taho ba, na koyi darasi. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka bi shawarar mai wankin mota, kuma kada ka yi tsalle kafin ranar da likita ya faɗa, ko wa ya ce ka yi.

Uwarka ta ji. Ba ni na faɗa ba, daga gidan su Hajjo maganar ta zagayo. Na ɗauka za ta ce da ma ta faɗa. Ba ta ce ba. Tambayata ta yi wa ke yi maka wanki.

Kawunka,
Badaru


Thamesmead
2 ga Yuni

Kawu Badaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da kowa. An cire min takalmin, ina takawa a hankali. Ƙafar ta rame kamar ba tawa ba.

Na yi shiru ne don ina neman mafita. Na rubuta wa duk kamfanin da ke da izinin ɗaukar baƙi. Yawanci ba su amsa ba. Ɗaya ne, a arewacin Ingila, suka ce suna neman namiji, in zo gwaji ranar Alhamis da ta wuce. In sun ɗauke ni kafin bizata ta mutu, zan iya sauya ta ina nan ba sai na fita ba. Ban gaya musu zancen ƙafa ba. Na yi booking ɗin jirgin ƙasa, na sa maganin ciwo a jaka.

Mun kai mu talatin a ɗakin, kowa da lamba a ƙirji. Aka fara da motsa jiki a jikin sandar bango, na yi lafiya. Aka dawo tsakiya, juyi da tsayuwa a ƙafa ɗaya, na yi, har na ga matar da ke zaɓe ta nuna ni da biro tana yi wa na kusa da ita magana. Aka rage mu saura takwas. Sannan mai piano ya sauya kiɗa, aka ce manyan tsalle, daga wannan kusurwa zuwa waccan, bibbiyu.

Na shiga layi. Na san zan iya, Kawu. Jikina ya san hanya, maganin ya kama, ba na jin komai a ƙafar. Sau huɗu ne kawai, in na yi na samu. Biyun da ke gabana suka tafi. Aka zo kaina, wanda muke tare ya tashi, ni kuma na tsaya. Ban yanke shawara ba, ƙafar ce ta ƙi barin ƙasa, ko ni ne na ƙi, ban sani ba. Mai piano ya kai ƙarshe ya waiwayo.

Na taka har gaban teburin matar, gaban kowa, na gaya mata ƙashina ya tsage, likita ya ce sai Agusta. Ta tambaya me ya kawo ni to. Na ce bizata za ta mutu ƙarshen Yuni. Ta ce ba za ta iya ɗaukar wanda ba ta ga tsallensa ba, kuma gurbin ba zai jira ba. Ta ce in na warke in turo mata bidiyo a Satumba daga duk inda nake, in akwai wuri za ta duba, in sun ɗauke ni sai in nemi biza daga can gida. Ta ƙara da cewa wannan ba alkawari ba ne. Na ce na gane.

A jirgin dawowa na yi kuka, wata tsohuwa ta miƙo min biskit.

Masawudu ya sake zuwa da maganarsa, na ce masa a'a. Anti Awabu ta fara ɗaure min kaya tana faɗa da akwatin. Nabil ya aiko min da tikitin wasan bazara, ban je ba, amma na amsa masa saƙo.

Zan sauka Abuja ranar ashirin da shida da safe, Teema tana da lambar jirgin. Ban san ko za su sake bari in shigo ƙasar nan ba. Ban san inda zan yi atisaye a Kaduna ba, ko wa zai riƙe min waya in yi bidiyon. Shekarata ashirin da bakwai, a wannan sana'ar ba yaro ba ne ni.

Har yanzu da sauran fushinka a raina, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai nake so ka zo ka tarye ni. Kada ka taho da kowa.

Ɗanka,
Imran